Hatha Yoga: Daga Bukkar Masu Gudun Duniya Zuwa Fadar Mysore

Mai karatu, mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya mun saba ganin tsoho ya harɗe ƙafafu, idanu a rufe. To, asalin hatha yoga ya fi kusa da wannan zaman fiye da lanƙwashe-lanƙwashen da ake koya wa sabon shiga a yau.

A harshen Sanskrit, hatha na nufin ƙarfi. Fitaccen littafinta, Hatha Yoga Pradipika, Svatmarama ne ya rubuta shi a ƙarni na 15. Salon ajiye jiki 15 kacal ya bayyana, yawancinsu a zaune, babu ko ɗaya na tsaye. Sauran littafin ya tafi ne kan riƙe numfashi, wanke ciki da tattara hankali, wato ibadar masu gudun duniya.

A shekarun 1930 ne Krishnamacharya, da ɗaurin gindin Sarkin Mysore, ya riƙa koya wa samari motsi mai bin juna, har da tsalle. Ɗalibarsa Indra Devi ta kai abin Hollywood. Ɗalibinsa Iyengar kuwa ya fitar da Light on Yoga a 1966, mai ɗauke da salo wajen 200. Daga 15 fa!