Daga Bilma 2010 zuwa azumin 2024: tarihin zafin da ya wuce na da



Tsofaffinmu da fari da yunwa suke ƙidayar shekaru. A ce maka an haifi wane shekarar farin 1973, wance ta yi aure lokacin El-Buhari, wato 1984. Mu kuwa, da alama da zafi za mu riƙa ƙidayar namu.

Zafin bazara ba baƙo ba ne a Nijar. Amma a watan Yunin 2010, ma'aunin zafi a Bilma ya nuna digiri 48.2, abin da ya zarce duk wanda aka taɓa rubutawa a ƙasar kafin nan. A lokacin an ce ai hamada ce, haka take.

Sai ga ƙarshen azumin 2024. Wanda ya yi shi a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba sai an ba shi labari ba: ruwan randa ya koma ɗumi, kuran na ɗaukewa, dare ya raba amma bango na fitar da wuta. A maƙwabciyarmu Mali abin ya fi muni. Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes ya kai digiri 48.5, kuma babban asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi.

Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bincika, suka ce ba don canjin yanayi da ɗan Adam ya jawo ba, da zafin bai kai haka ba. A Mali da Burkina Faso ya ƙara kusan digiri 1.5 da rana, digiri 2 da dare. Na daren nan shi ne mugun, don jiki ba ya samun hutu.

Dalilin a fili yake. Tun da aka fara manyan masana'antu a Turai ake ƙona kwal, fetur da gas, hayaƙin ya taru a sama kamar bargo, yana riƙe zafin rana. 2024 ta zama shekara mafi zafi a tarihin aune-aune. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan, amma mu ke shan wuya.

Sai dai tarihi ya bar mana dabara. Bayan farin 1984, manoman jihar Maradi suka rungumi sassaben zamani, suka daina tumɓuke kututture, suka bar gawo da sauran itatuwa su tofo cikin gonaki. Haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Inuwar da muke sha yau, su suka bar mana ita.

Kafin bazara mai zuwa, mu leƙa tsofaffi da jarirai da rana tsaka, mu kai musu ruwa. Kuma wanda ya ɗaga gatari kan icen ƙofar gida, ya tuna daren Afrilun 2024.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.