Wasan golf: dokoki da ladubban da ɗan wasa ya kamata ya sani

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Galibi babu alƙalin wasa da ke bin kowa sau da ƙafa, shi ya sa wasan ya dogara a kan amana.

An rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a shekarar 1744 a Leith, kusa da birnin Edinbura na Sukotland. A yau hukumomi biyu ne ke tsara su: R&A da ke St Andrews, da USGA ta Amurka. Gyaran da ya fara aiki a 2019 ya sa kyawun hali cikin doka ta farko: riƙon gaskiya, ganin girman abokan wasa, da kula da fili. Ana iya korar mutum daga gasa idan ya yi mummunan rashin ɗa'a.

Riƙon gaskiya

Ɗan wasa shi ne ke faɗin laifinsa da bakinsa. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones ya shaida cewa ƙwallonsa ta motsa lokacin da yake shirin bugu. Aka ƙara masa bugu ɗaya, ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, ya kuma sha kashi a wasan raba gardama.

Takardar maki ma amana ce. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya sa hannu a takardar da aka rubuta masa 4 a rami na 17, alhali bugu 3 ya yi. Doka ta ce lambar da ta fi yawa ita ce za ta zauna. Da haka ya rasa damar raba gardama, Bob Goalby ya ɗauki kambun.

Sanduna kuwa ba a wuce 14. A gasar British Open ta 2001 an ƙara wa Ian Woosnam bugu biyu saboda an samu 15 cikin jakarsa.

Ganin girman abokan wasa

Idan wani na shirin bugu, sauran su yi shiru, su daina motsi, su koma gefe. Ba a bugu sai waɗanda ke gaba sun yi nisa, domin ƙwallon ƙwararru na tashi da gudun da ya haura kilomita 250 a awa. In ta nufi mutane, sai mai bugun ya ɗaga murya ya ce «fore» don su kare kansu.

Ɓata lokaci ma laifi ne. Ana so kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 40. Neman ƙwallon da ta ɓace minti 3 ne, ba 5 ba kamar a da. Rukunin da ke jan ƙafa yakan ba na bayansa hanya.

Kula da fili

Wanda sandarsa ta ƙwaƙule ciyawa ya mayar da ita gurbinta. Wanda ya shiga ramin rairayi ya share sawunsa da manjagara kafin ya wuce. A lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ana gyara gurbin da ƙwallo ta bari, kuma ba a taka layin da ƙwallon wani za ta bi.

Kowane kulob yana da nasa ƙarin ƙa'idoji, musamman kan tufafi da wayar salula. Baƙo ya fara tambayar su tun daga ƙofa, kafin ya ɗauki sanda.