Daga El-Buhari zuwa 2005: wa ke yanka farashin tiya a Arewa?

In gero ya yi tsada a kasuwar Dogon Dutsi ko Tibiri, sai mu ce damina ce ba ta yi kyau ba. Gaskiya ne, amma tarihi ya nuna cewa iyakarmu da Najeriya tana da hannu a ciki kamar yadda ruwan sama yake da shi.

A 1984, zamanin Seyni Kunce, fari ya cinye gonaki. A watan Afrilu na wannan shekarar Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya domin canjin naira, ba a buɗe ba sai 1986. Ga Ba'are wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kangiwa da Bacaka kasuwanninmu ne, can ake kai wake da bisashe, a dawo da masara da garin rogo. Da hanya ta toshe, mai akuya ya rasa inda zai sayar da daraja, mai kuɗi ya rasa hatsin saye. Shi ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Ban san wata yunwa da ta ci sunan shugaban wata ƙasa ba.

A 2005 kuma sai abin ya juya. Iyaka a buɗe take. Fara da fari sun rage amfanin gonar 2004, amma giɓin bai kai na 1984 ba. Sai dai farashi ya fi tsada a Najeriya, don haka hatsin da manomi ya sayar da araha da kaka don biyan bashi ya bi motoci zuwa kudu. Da damina ta faɗi, buhun gero ya kusa jaka 30. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970 don irin wannan rana, ta fara da sayarwa da rahusa. Rabon kyauta bai zo ba sai da yara suka galabaita. Ni dai a ganina wannan jinkirin ya fi farin kansa ɓarna.

A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, har da wake, sai zuwa Mali da Burkina Faso. Mai saye a birni ya samu sauƙi. Manomin Matankari da ke jiran kuɗin wakensa daga fataken Kebbi, shi ya ɗauki asarar.