Saƙon Tes Da Ɓacewar Ƙugiya A Rubutun Hausa

Mai karatu, duk wanda ya saba bibiyar littattafan Hausa a waya ya san irin tuntuɓen da ake yi a tsakiyar labari. Marubuciya za ta ce jarumarta ta yi "bari", sai ka tsaya kana lissafi, shin barin gidan ta yi ko kuwa cikin ne ya zube? Wani ya rubuta "baki sun cika fada", ka rasa ko baƙi ne suka cika fadar sarki, ko kuwa sun cika faɗa ne. Da yawa kan ɗora laifin a kan lalacin marubuta. Ni kuwa a ganina abin yana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga Turai, tun kafin mu san mene ne salula.

A shekarar 1984 wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, da takwaransa Bafaranshe, Bernard Ghillebaert, suka kawo shawarar a riƙa aika gajeren rubutu ta layin da wayoyi ke amfani da shi wajen yin magana da turakun sadarwa. Layin nan siriri ne ƙwarai, ba ya ɗaukar kaya da yawa. Don haka a 1985 Hillebrand ya zauna gaban keken rubutunsa a birnin Bon, ya dinga buga jimloli yana ƙirga haruffansu, har ya gamsu cewa harafi 160 ya ishi mutum ya faɗi abin da ke ransa. Sai ranar 3 ga Disamba, 1992 aka aika tes na farko a Ingila, lokacin da wani matashin injiniya mai suna Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Saƙo ɗaya yana da gurbi 1,120 kacal. Masu tsara GSM suka ware haruffa da alamomi 128, kowanne yana cin gurbi 7, shi ya ba da 160 ɗin nan. A cikin jerin an sa é ta Faransanci, da ñ ta Sifaniyanci, da ü da ß na Jamusanci, har da wasu manyan haruffan Girkanci. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ba kuma don haruffan baƙin ido ba ne, domin tun a shekarun 1930 suka zauna daram a rubutun boko, da su aka yi ta buga littattafai a Zariya, kuma tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba kowannensu lambarsa. Kawai dai waɗanda suka yi tsarin Turai suke kallo.

An dai buɗe wata ƙofa don harsunan da aka bari a waje, irin su Larabci da Sinanci, amma ƙofar tana da tsada. A wannan tsarin kowane harafi gurbi 16 yake ci, sai saƙon ya koma harafi 70. Ma'ana, da zarar ka sa ƙ ɗaya tak a cikin tes, duk saƙon ya sauya tsari, abin da za ka biya sau ɗaya sai ka biya shi sau biyu ko uku. Har gobe haka dokar tes take.

Haka wayar ta iso mana. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a Nijeriya a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Waɗanda suka ga zamanin sun san yadda Nokia 3310 ta zama abin ado, daga bisani Nokia 1100 mai tocila ta shiga har ƙauye, kai, wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a 2005 ma 1100 ce, kuma a Nijeriya aka saye ta. Madannan waɗannan wayoyi goma sha biyu ne. Ka latsa 2 sau biyu ka sami b, ka latsa 3 ka sami d, ka latsa 5 sau biyu ka sami k, amma ko za ka kwana kana latsawa ba za ka ga mai ƙugiya ba. Idan ma wani ya turo maka daga kwamfuta, sau da yawa ɗan akwati za ka gani a gurbin harafin.

Da yake kira yana da tsada, tes ne ya zama wasiƙar masoya da 'yan makaranta. Masu kishin harshe suka koma dabarar keken rubutu, suna sa waƙafi a sama, su rubuta k'asa da d'aki da b'era. Sauran jama'a kuwa suka ga ko waƙafin ma gurbi yake ci, suka yar da shi, har suka bi wasula suka datse. Daga nan muka sami slm da ykk da lfy da ngd. Ni ban ga laifinsu ba, wanda ke ƙirga harafi da kuɗi ba ya neman ado.

Sannu a hankali dalilan suka kau. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008, WhatsApp a 2009. Madannai suka tashi daga roba suka koma manhaja a kan gilashi, wadda ake iya sauya mata harshe, saƙo ta intanet kuma ba ya ƙirga harafi 160. A yau Gboard yana da Hausa, ka danne k na ɗan lokaci sai ga ƙ ta bayyana. Sai dai hannun da ya saba ya riga ya saba. Lokacin da labaranmu suka ƙaura daga rumfunan littattafai na Kano zuwa Facebook da WhatsApp da Wattpad a shekarun 2010, da wancan hannu na zamanin tes aka rubuta su.

Abin da ya dame ni shi ne, yaro mai shekara goma sha biyar a yau ya fi karanta Hausa a waya fiye da a takarda. Idan duk abin da idonsa ke gani kafa ne a wurin ƙafa, kare a wurin ƙare, saki a wurin saƙi, to a haka zai ɗauka ake rubutawa, a haka kuma zai koyar. Injinan fassara da masu karanta rubutu da murya ma daga abin da muka zuba suke koyo. Mun riga mun haƙura da rashin alamar karin sauti da tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum, in muka ƙara da zubar da ƙugiya, aikin mai karatu ya koma canki-canka.

Don haka ina kira ga marubutanmu, maza da mata, musamman masu dubban mabiya. Ku shiga saitin wayarku ku ƙara Hausa a madannai, aikin minti biyu ne. Makon farko hannu zai yi nauyi, daga nan sai ya saki. Ku kuma makaranta, in kun ga wadda ta kula da wannan, ku yaba mata kamar yadda kuke yaba daɗin labari.