Neja, Nijar, Kwara: kogi ɗaya, suna uku

1/ Ka je bakin ruwa a Yauri ko Ngaski ka tambayi dattijon masunci sunan kogin nan. Kwara zai ce maka. To, ina muka samo "Neja"? Ku biyo ni.

2/ A Turanci ana rubuta Niger, gaɓa biyu: Ni-ger. Baturen Ingila "Nai-ja" yake cewa, ba ya furta r ɗin ƙarshe. Kunnen Bahaushe ya ji, harshensa ya mayar da ita Ne-ja.

3/ Bafaranshe kuwa yana furta r ɗin, sai ta fito kusa da "Ni-jer". Daga nan Nijar ta fito. Wato jihar Neja da ƙasar Nijar kalma ɗaya ce, bakin 'yan mulkin mallaka ne ya bambanta. Ni dai wannan har yanzu yana ba ni mamaki.

4/ Asalinta fa? A littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Italiya a 1550, sunan ya bazu a Turai. A Latin niger na nufin baƙi, shi ya sa wasu ke cewa "baƙin kogi". Amma masana da yawa na ganin daga Buzaye aka aro: egerew n-igerewen, kogin koguna.

5/ Abin dariyar, Turawa sun daɗe da sunan ba su san inda kogin ya ƙare ba. Mungo Park ya biyo shi, ya mutu a Busa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri, suna neman takardun Park wajen Sarki. Ba su samu ba. Suka gangara cikin kwalekwale har teku. A rubutunsu "Quorra" suke cewa. Kwara ɗinmu ke nan.

6/ A 1897 'yar jarida Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Najeriya daga sunan kogin.

7/ A 1968 aka gama dam ɗin Kainji. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa, aka tashi dubban mutane. Kwara kuma ta zama sunan jiha mai hedikwata a Ilorin. Yau yaron Shanga ya ji Kwara, Ilorin yake tunawa, alhali ga ta nan tana gudu a bayan gidansu.