Daga Bankin Talakawa zuwa Laimar Mai POS

Jiya ina layin POS a bakin get ɗin Naraguta, wata 'yar aji ɗaya a gabana sai kiran gida take yi. Kuɗin rajista sun taho, amma ta asusun maƙwabci, don babanta ba ya ajiya a banki. Kundin digirina na biyu a kan wannan batu yake, shi ya sa na kasa yin shiru.

'Yan uwa, yunƙurin kai talaka banki ya girme mu duka. Tun 1977 Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. Sun buɗe, amma yawanci ajiya suke tarawa, rance kuwa sai birni. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank mai ba da ƙaramin rance ba jingina, aka ɗora Tai Solarin a shugabanci. A 1990 aka kawo bankunan al'umma, na farkonsu Alheri, a Tudun Wadar Kaduna. Zuwa 2000 an haɗe People's Bank cikin bankin manoma, shi ke nan.

Shekarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 1998, lokacin da aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Kawuna, mai sayar da dankali a Farin Gada, yana cikin waɗanda kuɗinsu suka maƙale. Ya karɓi ɗan abin da aka biya, ya koma adashi, har yau. Je ka ce masa ilimin sarrafa kuɗi ya rasa, wallahi dariya zai yi maka. Mutumin da ke riƙe lissafin buhu ɗari a ka? Amana ce ta karye. Ga kuma tsoron kuɗin ruwa, wanda sai 2012 Jaiz ya fara rage wa wasu.

A 2012 ɗin ne dai aka ƙaddamar da tsarin ƙasa: a sauko da waɗanda ke wajen harkar kuɗi daga kashi 46 cikin ɗari zuwa 20 kafin 2020. Da 2020 ta zo, 36 aka samu. Binciken EFInA na 2023 ya ce 26, amma Arewa maso Yamma na kan 47. Kuma fa a wannan lissafi har mai adashi ana ƙirgawa cikin waɗanda suka shiga, wato Kawu ma an lissafa shi cikin nasara, bai sani ba. A ganina, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura mutane buɗe asusu fiye da duk wani taron wayar da kai.

Yarinyar dai ta samu kuɗinta. Maƙwabci ya cire na wahalarsa, mai POS ya cire nasa, ta tsaya gefe tana sake ƙirgawa ko za su kai.