Abin da Kalar Filogi ke Faɗa Game da Ƙaramin Inji

A janareta ko babur ko injin ban ruwa na fadama, filogi ne ake fara zargi idan inji ya ƙi tashi. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau, wata cuta ce daga wani ɓangaren injin ta bar alama a kansa. Aikinsa guda ɗaya ne: wutar da ƙarfinta ya haura volt 10,000 ta tsallaka ɗan gibin da ke bakinsa, tartsatsin ya kunna haɗin fetur da iska. A injin Honda GX160, wanda ake gani a kan famfunan ban ruwa da yawa, wannan gibi milimita 0.7 zuwa 0.8 ne. Idan ya buɗe fiye da haka saboda cinyewar ƙarfe, tartsatsi sai ya yi rauni.

Zafi shi ne ginshiƙin lamarin. Bakin filogi yana buƙatar ya kai kusan digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Celsius kafin ya iya ƙone dattin da ke taruwa a kansa. Idan kuma ya wuce digiri 800 sosai, shi kansa zai riƙa kunna man kafin lokaci, har fistin ya lalace. Saboda haka lambar da ke jikin filogi, irin su BPR6ES na kamfanin NGK, tana da muhimmanci domin tana nuna yadda yake ɗaukar zafi, kuma sayen duk wanda ya shiga ramin kuskure ne.

Bakin filogi mai ruwan ƙasa-ƙasa yana nuna ƙonewa na tafiya daidai. Baƙar kunkunniya busasshiya na nufin fetur ya rinjayi iska. A Arewa wannan ya fi yawa da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe matatar iska. Wani lokaci kuma cok aka manta a rufe. Idan baƙin jiƙe yake da maiƙo, baƙin mai ne ke shiga. A ƙananan janaretoci masu haɗa fetur da baƙin mai, yawanci mililita 20 ake so a lita ɗaya, amma mutane kan zuba da ƙiyasin ido, suna ganin yawansa kariya ne. A injin da baƙin mansa ke zaune daban kuwa, zargi ya koma kan ringin fistin. Fari fat alamar zafi ne da ƙarancin fetur, kuma a ganina ita ce mafi haɗari, domin injin na iya ci gaba da aiki yana lalacewa.

Akwai kanikawan da ke gasa filogi a wuta don ya bushe. Injin kan tashi, amma tangaran da ke jikin filogin na iya tsagewa, wutar ta riƙa zurarewa ta gefe. Burushin waya ya isa. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da hannu, domin kan injin na alminiyam ne, sifana na iya cinye haƙoran ramin cikin sauƙi. Honda ta ba da shawarar duba filogin GX160 duk bayan awa 100 na aiki, a sauya shi bayan awa 300 ko shekara guda.